Ranar da Dogo Ya Zauna

Da hantsi ne ranar Asabar, ruwan sama bai daɗe da ɗaukewa ba, kwalta sai tururi take yi kamar an buɗe tukunya. Dogo da matarsa Auta suka sauko daga motar haya da jaka ɗaya a tsakaninsu, kowa ya kama hannu guda. Auta ta ɗaga kai tana kallon benaye har ɗankwalinta ya nemi zamewa. Dogo kuwa hancinsa ne ya riga idonsa shiga birnin, don ta ko'ina ƙamshin burodi ne da na gahawa.

Shi Dogo aikinsa kai wa mutane abinci a wani gidan abinci da ke bakin tashar garinsu. Tun gemu bai fito masa ba yake ɗaukar tire. Yakan fita Auta na shara, ya dawo ta yi barci, nasa abincin kuma a tsaye yake ci bayan ƙofar kicin, kunne ɗaya a waje ko za a kira. Tun da aka yi aurensu ba su taɓa cin abinci tare daga lomar farko har ta ƙarshe ba. Ko ranar da yake gida, da ya kai loma biyu sai ya miƙe ɗauko ruwa, ko gishiri, ko abin da ba wanda ya nema.

Shi ya sa da aka ba shi hutun ƙarshen mako, suka bar 'yarsu wurin Inna, Auta ta gindaya sharaɗinta tun a mota. Ba ta son zane, ba ta son takalmi. So take ya zauna a gabanta, a kawo musu abinci, su ci su gama bai tashi ba. In ya tashi ita ma ta tashi, kuma ba za ta ƙara roƙonsa ba. Da dariya ta faɗa, amma Dogo ya san dariyar matarsa kamar yunwar cikinsa, wannan ba ta wasa ba ce. Ya bugi ƙirji ya ce in dai zama ne, yau sai an ɓamɓare shi daga kujera.

Suka fara da wani ɗan gidan shan gahawa mai ƙofar gilashi. An kawo wa Auta nata da kumfar madara a sama, an zana ganye a kai. Ta rantse ba za ta juya ba, wai ba ta da zuciyar ɓata aikin mutane, sai da ta ɗauki hoto ta tura wa Yayarta. Kurɓar farko ta yamutsa fuska ta ce ashe ɗaci ake yi wa layi a birni, ta yi ta zuba sukari har cokali ya kusa tsayawa. Dogo ya yi dariya har da bugun tebur. Amma kafin su fita ya haɗa kofunan wuri guda, ya goge teburin, ya gyara kujerar maƙwabta. Auta ta ce wannan ta yafe, sharar fage ce, da yamma za a yi ta.

Suka wuni suna yawo. Layin da suka bi duk gidajen abinci ne, wannan jingine da wancan. A wani, kifi ne ke iyo a akwatin gilashi ka nuna wanda kake so, a wani kuma mai suya ne ke cilla ƙwai sama ya cafe da kasko. Auta ta sha askirim har harshenta ya yi shuɗi, ta riƙa nuna wa Dogo a tsakiyar titi kamar ba uwar wata ba. Shi kuwa idonsa na kan masu ɗaukar tire: wancan ya iya, wancan zai yi ɓari kafin magariba, wancan takalminsa ne zai kashe masa baya. Ta ce masa hali zanen dutse.

Da rana ta yi sanyi suka kama masauki suka yi wanka. Dogo ya ciro kayan da ya fi ji da su, farar riga mai dogon hannu da baƙin wando, sun sha guga. Auta ta ce ya fito kamar ango.

Wurin da ta zaɓa a saman wani bene yake, ba rufi, an jera ƙananan fitilu a igiya. Rana na faɗuwa, birni na kunna wutarsa unguwa-unguwa. A gefe wani na kaɗa jita, wata na bi da waƙa a hankali. Auta ta matse hannunsa tana cewa ya duba, ya duba, ita kanta ba ta san me take nuna masa ba. Aka ba su tebur, suka ce a kawo gasasshen kifi da shinkafa. Sai da wanda ya saurare su ya juya Dogo ya lura: farar riga, baƙin wando. Duk ma'aikatan wurin haka suka sa.

Wuri ya cika, ma'aikata sun yi kaɗan. Wani mai tumbi a tebur na gaba ya ƙyasta yatsa wajen Dogo ya ce, "Kai, ruwa."

"Ga shi nan zuwa, ranka ya daɗe."

Dogo bai san lokacin da ya faɗa ba. Sai ganinsa ya yi a tsaye, gorar ruwa a hannu, yana tsiyayawa. Yana ajiyewa wata ta ce cokalinta ya faɗi. Can wasu suka zubar da lemo. Tiren wurin ba nauyi, an shimfiɗa masa roba, kofi ba ya zamewa. Dogo ya ɗora shi a yatsu ya ratsa tsakanin kujeru daidai da kiɗan, zuciyarsa fes, kamar an mai da kifi ruwa. Wani dattijo cikin ma'aikatan ya tsaya ya kalle shi, ya kalli teburin da ya baro.

Kallon nan ne ya dawo da shi hayyacinsa. Ya juya. An kawo kifi, har tururinsa ya kwanta, kujerar Auta kuma ba kowa. Tana can bakin ƙarfen da ya kewaye benen, jaka a kafaɗa, ta ba wa wurin baya.

Ya isa wurinta da tire a hannu, ya ɓoye shi a bayansa.

"Kowa ya samu ruwa?" in ji ta, ba ta waiwayo ba.

Ya fara kame-kame, wai rigar ce, wai mutumin ne ya kira, wai jikinsa ke amsawa kafin kunnensa ya gama ji. Ta ce ta sani. Ba fushi a muryarta, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

"Na ga ka iya, Maigida. Duk teburan nan ka je. Nawa ne kaɗai ba ka zo ba."

Ta ce ya je ya ƙarasa, za ta jira shi a ƙasa. Dogo ya san in ta sa ƙafa a matakalar nan shi ke nan. Za su koma gida lafiya lau, ta ci gaba da rufe masa abinci ta kwanta, ba za ta ƙara tada maganar ba. Bai roƙe ta ba, don bakin nan nasa ne ya yi alkawari da safe, ga inda aka kwana. Ya ajiye tiren, ya koma teburinsu ya zauna shi kaɗai, ya tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

Mai tumbi ya sake ƙyasta yatsa, ƙanƙara yake so. Ƙafar Dogo ta motsa da kanta, ya take ta da ɗayar. Mutumin ya ɗaga murya, ya tambayi matarsa ko zama ake ɗaukar ma'aikatan nan su yi. Mutane suka fara juyowa. Gumi ya tsattsafo wa Dogo a goshi. A rayuwarsa bai taɓa bari an kira shi an maimaita ba.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe," ya ce daga zaune. "Yau ni ma baƙo ne. Matata nake jira."

Matar mai tumbin ta tuntsire da dariya, ta ce wa mijinta to ai sai ya tashi ya zuba wa bawan Allah ruwa shi ma, a yi canjaras. Dariya ta zagaya teburan. Dogo bai ɗaga kai ba, sai ƙarar jan kujera ya ji. Auta ta rataye jakarta, ta zauna, ta jawo farantin ta ce kifin ya huce amma ba komai. Ta leƙa ƙasan tebur ta tambaye shi ko da ƙafa zai ci.

Ya fito da hannayen, suka fara. Mai waƙa ta sauya wata mai sauri, wasu suka miƙe rawa, Auta na kaɗa kai da loma a baki, tana ba shi labarin haƙorin da ya fito wa 'yarsu bai ma sani ba. Yana ji yana dariya, amma duk cokalin da ya yi ƙara a wurin sai kafaɗarsa ta zabura.

Dattijon nan ya zo wucewa da farantai jere a hannun hagu. Bai tsaya ba, bai kalle su ba. Ya sa ƙafa ya turo wata ƙatuwar tukunyar shuka mai faɗin ganye har ta tsaya tsakanin Dogo da sauran teburan, ya yi kicin abinsa. Dogo bai ko lura ba, yana can yana tambayar Auta haƙorin sama ne ko na ƙasa.