Wancan Babu Shi

Ni Labo, duk Ƙonni an san ni da abu biyu, gyaran kwamfuta da saurin baki. Na farkon ina taƙama da shi, na biyun kuwa matata ta yi faɗa har ta gaji ta sa mini ido. A shekarar 2005 mu uku ne kacal ke wannan sana'a a garin, kuma in za a faɗi gaskiya, sauran biyun hure inji kawai suke yi da baki su ce sun gyara. Ban taɓa barin kwamfuta ta fi ƙarfina ba. Sau ɗaya tak na yi da-na-sanin iya aikina, shi ne nake son in ba ku labari.

Wata Laraba ce cikin bazara, bayan azahar, zafi kamar a soya ƙwai a ƙasa, sai ga Mushe Illo a bakin rumfata yana dogara sanda. Mushe, haka muke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko. Shi ya koyar da ni a aji biyar, kunnena na hagu har yau bai manta da yatsunsa ba. Ya yi ritaya da daɗewa, ga hawan jini ya sa shi gaba, bai cika fita da rana ba. Na miƙe da sauri na ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Labo, taho ka duba min injin ga," ya ce. "Kwana biyu ke nan ya ƙi haɗuwa. Wancan yana asibiti, ban san halin da yake ciki ba."

Wancan shi ne Isma'il, ɗansa na fari, da ke karatun injiniya a Aljeriya. Mushe da matarsa Inna Tsahara mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari. Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya taɓa jin sun kama sunansa, sai dai su ce wancan. Isma'il ne ya sayo kwamfutar da ya zo hutu, ya haɗa ta da layin tarhon gida, ya zauna ya koya wa tsohon yadda ake buɗe akwatin wasiƙa na intanet. Tun daga nan duk Lahadi sai sun rubuta wa juna. Wasiƙar ƙarshe ta ce tari ya matsa masa, za a kwantar da shi, zai rubuto da zarar ya samu sauƙi. Kwana tara Mushe yana buɗe akwati safe da yamma bai ga komai ba, ranar Litinin kuma haɗin ma ya ɗauke gaba ɗaya.

Na rataya jakar aikina, na goya shi a babur muka tafi.

Kwamfutar na ɗakin karatunsa, bisa wani tsohon tebur na lakwal, an lulluɓe ta da zane mai tsabta. Na yaye zanen, na kunna. Tana gama tashi na ga matsalar farko. Ɗan hoton tarho da ake dannawa a shiga intanet babu shi a fuskar allo. Na shiga inda ake ajiye haɗe-haɗen inji, nan ma wayam, ko guda babu.

"Mushe, wa ya taɓa nan?"

Ya yi gyaran murya, ya kalli rufin ɗaki. "Da ya ƙi, na ɗan danna nan, na danna can. Ya tambaye ni wani abu, na ce masa i."

"Haba Mushe! Kai da ka hana mu amsa tambaya kafin mu karanta ta sau biyu?"

Ya yi ɗan murmushi, wanda bai kai ido ba. Ni kuwa daɗi nake ji, yau ga Mushe a matsayin ɗalibi, ni a kan kujerar malami. Allah ya yafe mini, har wani karkata hula na yi.

Na fara daga tushe. Na duba ko injin yana ganin modem ɗinsa, wato ɗan abin da ke cikinsa mai buga waya, na ga yana nan lafiya lau. Na ce a ba ni lambar da ake kira, da sunan shiga, da kalmar sirri. Mushe ya jawo wani tsohon littafin darasi, ya buɗe bangon baya. Rubutun Isma'il ne, manya-manya, ya jera komai ɗaya bayan ɗaya don kada tsohon ya ruɗe, har da zanen inda ake dannawa. Na ƙirƙiri sabon haɗi, na cika komai, ɗan hoton ya dawo wurinsa. Na danna. Injin ya yi jim, sannan ya rubuto cewa ba ya jin sautin layi. Na sake dannawa, amsa ɗaya. Na ɗaga kan tarhon da ke gefe na kara a kunne, shiru.

"Shi ma tun Litinin ya mutu," in ji Mushe. "Na tai buron kamfanin tarho na yi musu tas, sun duba sun ce layina lafiya yake."

"To matsalar cikin ɗakin nan take. Ba ni minti biyar."

Ya ce bari ya kewaya ya yi alwala, la'asar ta gabato. Yana fita na durƙusa na kutsa kai ƙarƙashin tebur. A tsarin da Isma'il ya yi, kabul ɗaya ne ke fitowa daga bango ya shiga bayan kwamfuta, daga nan wani ya wuce zuwa tarho. In na bangon ya fita, duka biyun sun mutu. To na bangon ne babu. Ba ɓera ne ya ci shi ba, ba tsinkewa ya yi ba. An zare shi ne tsaf daga kowane ɓangare an tafi da shi. Mai hankali da ya tsaya nan ya tambayi kansa wa zai yi haka, kuma don me. Ni dai murna na yi na gano ciwon, har ina cewa a raina wancan buron an zage su a banza.

Ina nan ƙarƙashin tebur na ji motsi a bakin ƙofa. Na leƙo. Inna Tsahara ce riƙe da kwanon ruwa. Na gaishe ta daga durƙushen da nake, ta amsa da wata murya a dishe, na ɗauka mura ce. Ta waiga bayanta, ta matso, ta yi ƙasa da murya.

"Labo, bar wahal da kanka. Kada ka haɗa. Wancan babu shi."

Kun ji abin da ta ce? Ni ban ji ba. Kaina cike da kabul, hannuna a kan ramin da kabul ya fita, sai na ɗauka kabul take nufi. Na zaci garin shara ta cire ta yar, yanzu tana jin nauyin Mushe ya sani. Na yi dariya, wallahi dariya na yi, na ce da ita:

"Na gani Inna, babu shi. Kada ki damu, irinsa sun fi goma cikin jakata. Yanzu in sa wani, kamar ba a yi ba."

Ta tsaya tana kallona. Ruwan kwanon ya fara zuba a kan yatsunta. Ta buɗe baki za ta ƙara magana, sai ga ƙarar sandar Mushe a tsakar gida. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita. Shekara nawa yanzu, in na tuna amsar da na ba matar nan sai in ji abinci ya fita raina. Uwa ta tattaro duk ƙarfin da ya rage mata ta gaya mini ɗanta ya rasu, da kalmar da bakinta ya iya, ni kuwa na ce mata ina da irinsa goma a jaka.

Mushe ya shigo yana share ruwa a gemu. Na zaro sabon kabul, na soka a bango, na soka a inji, na fito ina kaɗe gwiwa. Na danna hoton. Modem ya buga lamba, ya kama ƙugin nan nasa da tsuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa, sannan ya yi shiru. Ya haɗu.

"Ga shi nan, Mushe," na ce. "Ai na gaya maka minti biyar."

"Allah shi yi maka albarka," ya ce, yana sa tabarau. Na tashi na ba shi kujera. Da yatsa ɗaya yake bugawa, harafi bayan harafi, yana duba littafin. Shafin ya daɗe yana buɗewa, daga sama yana saukowa a hankali. Wasiƙa ɗaya ce sabuwa, kuma ba daga Isma'il ba. Daga wani Abdulwahab ne, abokin ɗakinsa, ɗan Malbaza.

Ya kamata in kau da kai, ban kau ba. A tsaye nake bayansa, tare muka karanta. Da Faransanci aka rubuta, layi biyar. Isma'il ya cika ranar Lahadi da hantsi. An yi masa sutura a can, 'yan ƙasarmu da limamin unguwa sun sallace shi. Layin ƙarshe ya ce, kamar yadda na shaida wa Inna a tarho ranar Litinin.

A nan ne maganarta ta dawo mini, kowace kalma a wurinta. Mushe bai motsa ba. Ya kai ƙarshe, ya koma farko ya sake karantawa, leɓɓansa na motsi. Ya cire tabarau ya ninke, ya ajiye a kan littafin. Ya yi salati a hankali, sau uku. Sannan ya ɗaga murya kaɗan.

"Tsahara."

Ashe tana bakin ƙofa, ba ta je ko'ina ba. Ta shigo ta durƙusa nesa da shi. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da tsohon kabul ɗin a naɗe, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu.

"Kana masallaci aka kira, Malam," ta ce. "Yaron ya ce za ya rubuto maka ma. Na ji tsoron jininka. Na ce wannan magana ba inji za ya gaya maka ita ba, ba kuma ni ba. Na aika Illela wurin Yaya Chindo, aka tarar ya shiga ƙauye. Yau aka ce yana hanya."

Alhaji Chindo yayan Mushe ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babban gidansu. A wurinmu irin wannan labari babba ke kawo shi, a zaune, a hankali, da mutane a gefe masu riƙe ka.

"Kwana biyu," in ji Mushe. "Kina dafa min abinci, kina ba ni magani, ina zagin mutanen tarho kina ji."

"Ina ji, Malam."

Sai a lokacin kuka ya ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, wallahi ban gane ba." Ko ta ji ko ba ta ji ba, ban sani ba. Mushe ne ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba, ya ce aikin da aka kira ni shi na yi. Da ma marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Muna cikin haka mota ta tsaya a ƙofar gida. Muka ji an rufe ƙofofi, muka ji sallamar dattijai a zaure, murya uku ko huɗu. Inna ta ɗago kai. Mushe ya saurara, ya gane muryar yayansa. Ya sa bakin rigarsa ya goge fuska sosai, ya gyara zaman hularsa.

"Labo, kashe shi, ka mai da zanen."

Na kashe, na lulluɓe.

"Tsahara, shiga ciki ki wanke ido. Yaya ya haura saba'in, ya biyo rana tun daga Illela yana shirya abin da za ya ce min. Kada wanda ya nuna masa na riga na sani."

Ya ɗauki sandarsa ya fita zaure, na bi shi da jakata a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Alhaji Chindo na zaune a tabarma, ga limamin unguwa, ga wasu dattijai biyu. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen Illela ɗaya bayan ɗaya, Mushe yana amsawa yadda ya kamata. Sannan Alhaji Chindo ya matso, ya kama hannun ƙanensa ya riƙe cikin nasa biyu, ya daɗe yana kallon tabarma.

"Illo," ya ce, "an aiko mana daga wajen yaron nan. An ce jikin ya ɗan yi tsanani."

"To, Yaya," in ji Mushe. "Ina jin ka."