Labulen Inna Bai Shiga da Kujeru Ba

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, kuma na san abin da ya jawo mini shi. Da yamma ƙanwata Lantana ta zo ganin sababbin kujeruna masu ruwan toka. Lantana kuwa irin mutanen nan ce da ko cokali ka ba ta sai ta ce bai shiga da faranti ba. Ta tsaya gaban labulen ƙofar falo ta riƙe haɓa. Labulen nan marigayiya Innarmu ce ta haɗa shi da hannunta daga zannuwanta uku, ja mai tsuntsaye, kore mai ganye, da rawaya mai ɗige-ɗige. Shi kaɗai ne ɗinkinta da ya rage a hannuna.

"Yaya Uwani," in ji ta, "wannan ai hayaniya ce, ba ado ba."

Ni kuma don kar a ce ban waye ba, na ce ta kwana, da safe ta sauke shi ta yanka mana tsumman goge-goge.

To a mafarkin sai ga ni a falona, amma ya buɗe ya yi faɗin filin idi. Kujerun nan suna kiwo a kan kafet, suna tsinke furannin jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ban yi mamaki ba. Na dai janye ƙafata don kar su haɗa da lallena. Kala kuwa tana ta ɗiga daga ƙasa zuwa sama, shuɗin matasai yana tashi yana taruwa a silin, har ya fara kwanciya kamar ruwan kwata.

Sai kawai na gan ni a layi. Duk mutanen layin ruwan toka ne, har haƙoransu. Can gaba wata akuya ce zaune bayan tebur, da tabarau, da tef ɗin awo a wuya, tana tauna bakin wani zanen gado. Dattijon da ke gabana ya miƙa mata hularsa da tabarmarsa. Ta ce ba su shiga ba, ta buga masa hatimi a goshi. Nan take ya koɗe, ya ci gaba da koɗewa har ba abin da ya rage a wurin sai tarinsa.

"Ke me kika kawo a duba?" ta tambaye ni.

"Ba komai, ranki ya daɗe."

"Kowa haka yake cewa. A ƙasar nan ganye ba ya zama kusa da ɗigo sai da shaidu biyu. Kina da su?"

Na ce ba ni da su.

Ina waiwayawa sai ga Inna. Tana zaune a ɗan bakin kujera irin zaman baƙo, ta yafa labulen, zobban rataye shi na nan a kafaɗarta suna ƙara. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Uwani, kin rame."

Akuyar ta sauke tabarau. "Wannan tsohuwar ta wace ce? Ba ta shiga da kujeru ba."

Na buɗe baki in ce tawa ce, uwata ce, a ƙyale ta. Abin da ya fito shi ne, "Hayaniya ce, ba ado ba." Na so ƙwarai a ce muryar Lantana ce, amma wallahi tawa ce.

"Madalla," in ji akuyar. "Ke za ki yi aikin."

Na dubi hannuna na dama, yatsuna biyu sun zama almakashi. Ƙafafuna suka kama tafiya ba da izinina ba. Tsuntsayen jan zanen suka gan ni, suka tattaru a kusurwa ɗaya suna ta kaɗa fukafukai. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba akuyar nake tsoro ba, hannuna nake tsoro.

Inna ba ta gudu ba. Ta ma shimfiɗa labulen a gwiwarta, ta lallatse shi yadda zai yi mini sauƙin yanka.

"Bi ɗinki a hankali," ta ce. "Kar ki yanka tsuntsun nan. Da shi na goya ki."

Ƙyas. Rawayan ya tafi, muryarta ta tafi tare da shi. Bakinta na motsi, ba na jin komai. Ƙyas. Koren ya tafi, na nemi fuskarta na rasa, sai wani abu mai ruwan toka, sumul, da ya shiga da kujeru tsaf. Saura jan. Na danne hannun da ɗayan, na hau kansa na zauna, amma yana ta buɗewa yana rufewa.

Ƙyas, ƙyas.

Na buɗe ido. Rana ta fito, hannuna na nan da yatsunsa biyar, na yi hamdala. Sai na lura ƙarar ba ta tsaya ba. Daga falo take fitowa, Lantana na ɗan rera waƙarta a hankali.

Na diro daga gado ko ɗankwali babu, ina ƙwala mata kira, "Lantana, tsaya! Kin kai kan jan?"