Kitso Uku na Inna

Shekarar da Turawa suka kwashe mazan garinmu zuwa aikin hanya, a ita gashin Inna ya fara zuba. Ita da ta yi wa rabin matan Zuru kitso, sai ga amosani ya cinye mata kai, in ta sosa ya zubo kamar dusa. Tari kuma ya kwantar da ita. Ta ce mini mutuwa ba ta ba ta tsoro. Abin da ke damunta shi ne a zo wankan gawarta a rasa gashin da za a kama a yi mata kitso uku.

Na sami Dodo, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Ribah. Ta ce in daka ganyen magarya in wanke kan da kumfarsa, in ya bushe in shafa man shanu, kullum.

Ni kuwa a tuwo kawai na san man shanu. Na soya shi da albasa yadda muka saba, ya huce, na shafa. Kwana huɗu ina haka. Kiyashi suka cika tabarmar Inna, ƙaiƙayi ya ƙaru, ita kuma ta yi shiru don kada in ji kunya.

Da Dodo ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta ja hanci.

"Tasalla, magani kika yi wa Inna ko miya?"

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Dodo ta buɗe ƙwarya ta ɗebo ɗanyen mai, wanda ta kaɗa da safe. Ta ɗora kan Inna bisa cinyarta, ta nuna mini yadda ake bin fatar da yatsa, ba gashin ba.

Wata uku muna yi. Amosanin ya tafi. Tsakar kai ba ta dawo ba, amma ƙeya da gefuna sun tofo, gajeru, masu laushi.

Ta rasu bayan an yanke gero. Asama'u, tsohuwar da ke wankan gawar mata a unguwarmu, ta duba kan ta ce ba zai kamu ba. Na ce ta ɗan ba ni wuri. Na kama kitson ɗaya bayan ɗaya, kowanne bai kai tsawon yatsa ba. Na ukun sai da ya warware sau biyu kafin ya zauna.