Abokin Gaban Janar

Almakashi a buɗe yana hannun mai aski, lokacin da matarsa ta ɗaga labulen shagon ta shigo da kwanon abincin rana.

"Baban Auta, me zan gani haka?"

"Gyara zan ɗan yi masa," in ji shi, bai juyo ba. "Bakin jelar kawai zan daidaita."

A kan kantar shagon, gaban babban madubi, akwai akwatin gilashi. A cikinsa kifi ne guda ɗaya, ja, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Irin kifin adon nan ne da ake kira beta, wasu kuma su ce kifin faɗa. Na Auta ne, 'yarsu ta ƙarshe, ita ce ta raɗa masa suna Janar. Ranar da za ta koma makarantar kwana ta damƙa shi a hannun mahaifinta, sai da ta sa ya maimaita alkawarin kula da shi kafin ta shiga mota. Yanzu ga hutu ya zo, ranar Asabar za ta dawo, jelar Janar kuwa, wadda a da take baje kamar mafici, ta yage ta koma kamar tsohuwar tsintsiya. Jan jikinsa ya koɗe. Ko abinci aka zuba masa sai ya shinshina ya wuce.

Matar ta ajiye kwanon ta karɓe almakashin daga hannunsa, kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro.

"Duk abin da ka gani ya yi buzu-buzu, aski. Ai na gode Allah da ba mu da tinkiya."

Direban tasi da ke jiran layi a kan benci ya fashe da dariya. Shi ne tun ɗazu yake cewa zazzaɓi ne, a ɓalla ƙwayar maganin ciwon kai a jefa cikin ruwan. Tsohon malamin makaranta da ke gefensa ya sauke jarida ya ce ba zazzaɓi ba ne, kaɗaici ne, a nemo masa mata.

"Malam, kai ma kullum maganinka ke nan," in ji direban. "Ko taya ce ta fashe, a ƙara aure."

Mai aski bai yi dariya ba. Ya san inda matarsa za ta dosa, kuma can ta dosa.

"Da ka bar shi a gida, kan teburinta, inda ta ajiye shi."

"A gida wa ke ganinsa?"

"To a nan wa kake so ya gan shi?"

Idonsa dai ya tafi madubi, inda ake hango tsallaken titi. A can wani saurayi ya buɗe sabon shagon aski, da fitilu masu launi da talabijin a bango. Tun da aka buɗe shagon, mai aski yakan yi aiki ido ɗaya a ƙeyar kwastoma, ɗaya a madubi, yana lura da masu shiga da fita. Sau da yawa yakan kama saurayin tsaye a ƙofa yana kallon nan ɗin, sai shi ma ya miƙe wuya ya buɗe ƙirji. Shi ya sa ya ɗauko Janar. Su suna da talabijin, shi yana da abu mai rai.

"Ka kai shi wurin matar da ta sayar muku," in ji matarsa. "Zan tsare shagon. Malam, direba, ku yi haƙuri, gashinku ba zai gudu ba."

Ya kwashi Janar da ruwansa a babbar kwalba, ya rungume a ƙirji, ya hau bas. Duk ramin da motar ta faɗa sai ya ce, "Sannu." Matar da ke kusa da shi ta amsa na farko, daga baya ta gane ba da ita ake ba.

Shagon mai kifin ado yana can ƙarshen layin masu sayar da tsuntsaye, sanyi-sanyi, ba a jin komai sai ƙarar kumfar ruwa. Dattijuwa ce mai tabarau a bakin hanci. Ta ɗora kwalbar a ƙarƙashin fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Bari mu bi a hankali," ta ce. "Ka ga fararen ɗigo a jikinsa, kamar an barbaɗa gishiri?"

"Babu."

"Wani abu fari kamar auduga?"

"Babu."

"Cikinsa bai kumbura ba, yana iyo a miƙe, ba ya kifewa gefe. Madalla, mun rage uku. Yanzu dubi jelar. Ka ga nan, inda aka gutsure kamar cizo? Shi ya ciji kansa. Ka ga nan kuma, inda bakin ya fara yin baƙi? Ruɓewa ce ta fara shiga ciwon. Da wane ruwa kake canza masa?"

"Na famfo. Mai tsabta, da shi nake wanke kan mutane."

"Kan mutane ba ya numfashi a ciki, ɗan'uwa. Akwai maganin da ake zubawa a ruwan famfo, yana ƙona kifi. Akwatin yana da murfi?"

Mai aski ya sosa ƙeya. Ya cire murfin ne don a fi ganin kifin.

"Sana'arka?"

"Aski."

"Wato gashi yana sha, da hoda, da turaren fesawa." Ta leƙo shi ta saman tabarau. "Ba ka dai yanke masa jelar ba?"

"Haba, wa zai yi haka?" in ji shi, yana kallon rufi.

"To saura abu ɗaya. Kifin nan ba ya cizon kansa sai ransa ya ɓaci. Da wa ka haɗa shi?"

"Shi kaɗai ne. Sarari ma na ba shi na musamman, a kan kanta, jikin madubi. Ga wani madubin a bangon baya. In ka shigo sai ka ga kamar kifi goma ne."

Dattijuwar ta cire tabarau ta share ido da gefen mayafi. Kafaɗunta suna rawa don dariya. Ta buɗe jakarta ta ciro ɗan ƙaramin madubin kwalliya ta kara a jikin kwalbar.

Janar, wanda tun safe yake lafe a ƙasa kamar tsumma, ya zabura. Ya buɗe marfin kunnuwansa, ya baje ragowar jelar, ya tunkari gilashin yana karkarwa. Tana janye madubin ya sauke komai, ya koma ƙasa yana haki.

"Namijin beta ba ya jure ganin ɗan'uwansa," ta ce. "Bai san kansa a madubi ba. Wannan ɗan lokacin ma ka ga yadda ya gaji. Kai kuwa ka ajiye shi gaban runduna, daga safe har dare. Bai ci su ba, ba su gudu ba, sai ya juya ya huce a kan jelarsa."

Mai aski ya kalli kwalbar. Can ya ce, "Zai mutu?"

"In ka ji magana, a'a." Ta ɗauko 'yar kwalbar ɗigo da ƙullin gishiri. Ɗigon na gyara ruwan famfo ne. Gishirin na kifi ne, ba na miya ba, ɗan kaɗan, na 'yan kwanaki kawai. Ya riƙa canza wani kaso na ruwan a kai a kai, kada ya zubar duka. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, nesa da fanka. A mayar da murfi. In baƙin ya ci gaba da cin jelar, ya dawo ta ba shi magani mai ƙarfi.

"Jelar za ta tsiro kafin Asabar?"

"Kai da ka san gashi kake wannan tambaya? Za ta tsiro, amma sai an yi makonni."

Da ya dawo, direba da Malam sun gaji sun tafi. Matarsa ta saurari bayanin har ƙarshe, ta tattara kwanonta.

"Wato yini yake yana kumbura wa madubi," ta ce. "Ikon Allah. Ko a ina ya koya?"

Ta sa kai ta fita.

Yana cikin kwashe ruwan akwatin don ya mayar da shi gida, aka yi sallama. Saurayin tsallaken titi ne, hannunsa a ƙirji.

"Baba, lafiya dai? Na duba tun rana ban ga jan kifin nan ba. Wallahi in ba kowa a shago, shi nake tsayawa ina kallo. Har na so in shigo in gan shi kusa, sai in ga kamar ranka a ɓace."

Mai aski ya dube shi. A kusa yaron bai kai girman da yake da shi a madubi ba.

"Ba ya jin daɗi," ya ce. "Kama mini gefen nan, kada ya suɓuce."

Suna ɗauke da akwatin, sai waya ta yi ƙara a aljihun mai aski. Lambar makaranta ce. Suka ajiye a kan benci, ya ɗaga.

"Baba! Yaya Janar?"

Ya yi niyyar cewa lafiya lau. Sai ya kalli kwalbar, ya kalli jelar.

"Auta, Janar ya yi faɗa. Ya ji ciwo a jela, amma an duba shi, zai warke. Laifina ne."

"Faɗa? Baba, ai shi kaɗai ne! Da wa?"

Mai aski ya ɗaga kai. A madubi ga wani dattijo mai furfura riƙe da waya, ga saurayi a bayansa yana murmushi ga kwalba.

"In kin dawo zan nuna miki shi," ya ce.