Kwamfutar Bara'atu

Bayan sadakar arba'in ne Malam Isa, mai sayar da bandar kifi a kasuwar Yelwa, ya shigo shagon Shu'aibu mai gyaran kwamfuta da ƙunshi a hammata. Ya kwance ɗankwalin da aka naɗe shi da shi, sai ga 'yar laftof baƙa, gefenta ya tsage.

"Ta ɗiyata ce, Bara'atu," in ji shi. "Tana cikin waɗanda jirgin ruwa ya kife da su a hanyar Wara."

Shu'aibu ya yi mishi ta'aziyya, sannan ya kunna kwamfutar. Ta daɗe kafin ta tashi, wani abu na ƙas-ƙas a cikinta.

"Baba, faifan da ke riƙe da komi nata ne ke shirin mutuwa. Sai an sa sabo."

"To abin da ta bari ciki fa?"

"Zan gwada kwashe shi dukka, har manhajar da ke tada ita, yadda in an kunna za a iske ta kamar yadda ta bar ta. Amma ban yi maka alkawari ba."

Malam Isa ya ce Innar Bara'atu ba ta barci. Ba hoto take so ba, suna da hotuna. Muryar yarinyar take son ji. Bara'atu tana shekarar ƙarshe a kwaleji, kuma duk hutu takan zaunar da uwar tana naɗar muryarta a kwamfutar tana ba da tatsuniyoyin Gunganci, harshensu, don aikin makaranta.

Shu'aibu ya ciro tsohon faifan, ya haɗa shi da sabo da wayar haɗi a tasa kwamfutar, aka fara kwafa. Malam Isa bai koma rumfarsa ba. Ya zauna kan benci yana kallon koren layin da ke nuna tafiyar kwafar yana matsawa a hankali. Sun dawo daga sallar La'asar suka iske layin ya tsaya. Ƙas-ƙas ɗin ma ya daina.

Shu'aibu ya sake gwadawa, ya sauya waya, ya bar faifan ya huce. Faifan bai ƙara motsi ba.

Da abin da ya samu ya tada kwamfutar. Ta buɗe, ga takardun makarantarta, ga rubutun da ta tsaya a tsakiyar jimla. Bidiyoyin duk sun tafi. Cikin muryoyin da ta ɗauka, guda ce kawai ta yarda ta buɗe.

Muryar tsohuwa ce ta cika shagon, tana ba da labarin dorina da matar masunci. Inna ce. Suka saurara har ta kusa ƙarewa, babu kowa sai ita. Can sai tsohuwar ta yi tari, ta ɓata zaren labarin, wata ƙaramar dariya ta fito daga gefe.

"Inna, ba haka kika ce jiya ba."

Shi ke nan abin da Bara'atu ta faɗa.

Malam Isa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Shu'aibu ya fita bakin ƙofa ya ba shi wuri.

Da Shu'aibu ya dawo, dattijon ya share fuska da hannun riga.

"Yaro, nuna mini inda ake dannawa. Ni zan riƙa kunna mata."

Sai da ya koya mishi har hannunsa ya saba, sannan suka rufe shagon tare.