Bulalar Kawu Mika'ilu

Da hantsi ƙarar ta zo, sau biyu a jere, har kwanon rufinmu ya amsa. Kafin in yafa mayafi, mata sun kwashi yara sun shige cikin dawa. Mutanen ƙauyenmu kuwa, Allah ya hore musu saurin yanke hukunci. Ban kai bakin hanyar Ɗambatta ba har sun samo mai laifi.

Aaron ne, mai walda, wanda ya shekara ashirin yana gyara mana garma. Laifinsa tukunyar gas da ke ɗaure a bayan babur ɗinsa, sai kuma kasancewarsa Kirista. An ɗaure masa hannu, leɓensa ya fashe. Muntaka maƙwabcinmu yana ta rantsuwa cewa bam ya gwada, ga rumbunsa nan ya tsage. Kawu Mika'ilu ya baro shanun huɗa a gona, yana tsaye a kan Aaron da doguwar bulalar fata. Wani ya ruga neman fetur.

Ni kuwa na ga abin da ya yi ƙarar, jirgin sama ne. Ina shanya a tsakar gida ya wuce can sama, siriri, shiru, sai da ya yi nisa ƙarar ta biyo baya. Shekara shida ina koya wa 'yan mata wannan a makaranta: a raba gudun abu da gudun sauti, abin da ya fito shi ne lambar Mak. In ta haura ɗaya, iska ba ta samun sukunin kaucewa, sai ta matse ta fashe. Haka na faɗa musu. Muntaka ya nuna ni ya ce boko ya taɓa kan Tahira, yaushe iska ta zama tulu?

Sai na hango mai fetur yana dawowa da galan.

Na ce, "Kawu, don Allah kaɗa bulalar nan a sama, yadda kake wa shanu."

Ya harare ni. Don dai in rufe masa baki, ya ja da baya ya kaɗa. Ta yi ƙara tas, har na kusa suka zabura.

"Me ka daka, Kawu?"

"Ban daki komai ba."

"To me ya yi ƙara?"

Na ce masa bakin bulalar ne ya wuce sauti gudu, abin da jirgin ya yi ke nan, sai dai shi jirgi ƙato ne. Kawu ya sake kaɗawa, ya kuma sakewa, yana kasa kunne. Sannan ya naɗe ta a hankali, ya ce a kwance mutum.

Aaron ya miƙe ya goge jini da hannun riga. Ya je wurin babur ya kwanto wani buhu, ya zazzage a gaban Kawu. Bakin garmar Kawu ne, an gyara shi tsaf, shi ya zo kawo masa.

Bai yi wa kowa sallama ba. Damina uku ke nan bai sake gyara mana garma ba, sai mun kai ta Ɗambatta, kuma har yau ina jin kunyar bi ta ƙofar shagonsa.