Dutsen Gicciye a Kife

Kwana tara ke nan ruwa bai ɗauke ba. Hanyar zuwa garin Goris ta yanke. Tsoho Zarzand ya san dalili.

Lokacin fari, shi ya ja maza biyar suka hau zuwa tsohon cocin da ke bisa ƙauye, suka kwantar da dutsen gicciye rub da ciki, yadda kakanni ke yi in ana roƙon ruwa. Sharaɗi ɗaya ne: ran da ruwa ya sauka, a tayar da dutsen. Ruwa ya sauka. Kashegari huɗu daga cikinsu suka tafi aikin gini Rasha. Aka bar dutsen a kife.

Gidan Zarzand ne na ƙarshe, daf da gangaren tsauni. A ciki matarsa Arshaluys take kwance, shekara biyu ƙafafunta ba sa ɗaukar ta.

"Bangon baya yana gumi," in ji ta. "Kaji sun ƙi shiga akurki."

"Na gani."

"Ka gani, ka zauna. Kai ka kwantar da shi, tsoho. Je ka tayar."

Ya ɗauki sandar ƙarfe, ya buga ƙofar Hambardzum, amininsa da ya riƙe masa ɗa ranar baftisma.

"Mu biyu?" in ji Hambardzum. "Mu shida muka kwantar da shi, har wandona ya yage. Kai da gwiwa ɗaya, ni da haƙori uku."

"Da haƙori za ka ɗaga? Sa takalmi."

Suka hau a hankali, laka tana tsotse musu ƙafa. Babu kukan tsuntsu. Itatuwan tuffa da ke kan gangaren duk sun karkata wajen ƙauye. Hambardzum ya dube su, ya daina ba'a.

A gaban cocin, dutsen ya nutse rabi. Sassaƙen inabi da rumman da ke gefensa ya cika da taɓo. Zarzand ya cusa sandar a ƙarƙashi don ya sami madogara. Sandar ta shige har iya hannunsa, ba ta taɓa komai ba.

Ya durƙusa ya share ciyawa. Tsaga ce, ta fito daga gindin dutsen, ta bi bayan kaburbura, ta miƙe saitin rufin gidansa. Tafin hannu zai shiga. Can ciki ruwa ne ke gudu.

"Mu gwada ɗagawa?" in ji Hambardzum, murya ƙasa-ƙasa.

Zarzand ya daɗe yana kallon dutsen. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa, ya saki sandar.

"Bar shi. Za mu cire ƙofa mu fito da Arshaluys a kanta."

"Ba za ta yarda ba."

"Ban ce za a tambaye ta ba."

Suka juya. Ba su kai rabin gangaren ba, ƙararrawar cocin ta buga sau ɗaya a bayansu. Babu kowa a ciki; ƙasa ce ta motsa. Zarzand bai waiga ba. Ya fara gudu, yana jan gwiwar.